Alhaji, dakata da sayen sababbin ayon

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 56, ma'aikaci ne ni a Kaduna. Na shiga wasan golf shekara huɗu da suka wuce, bayan likita ya ce in nemi abin da zai riƙa fitar da ni daga ofis. Direba, sandar bugun farko mai nisa, ba ta ba ni wahala sosai, a kan girin ma, wato lallausar ciyawar da ramin yake, ina taɓukawa. Amma da na ɗauki ayon, sandunan nan masu kan ƙarfe da lamba a jiki, sai abin ya lalace: ko in sari ƙasa kafin ƙwallo, ko in aske mata kai ta tafi tana birgima. Lamba 4 da 5 da 6 kusan wuri ɗaya suke sauka. Sandunan wani aminina ne, gwanin wasa, ya bar mini su da aka yi masa canjin wurin aiki. Masu siririn kai ne, ƙotarsu ta ƙarfe, an rubuta S a jiki. Daga rami na 12 bayana yake fara ciwo, gwiwar hannuna na hagu ma tana damuna da rani. Handikaf ɗina, wato lambar auna ƙwarewa da ke raguwa idan mutum yana ƙwarewa, ya tsaya a 22. Yanzu an kawo mini sabon saiti a kan sama da naira miliyan biyu, mai sayarwa ya ce zan ƙara yadi 20. Uwargida ta ce kuɗin makarantar yara na tafe. In saya ko in bari? Har na fara tunanin ajiye wasan saboda kunyar abokan wasa.

Wani mai karatu daga Kaduna

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a.

Kada ka sayi saitin nan yanzu, kuma kada ka ajiye wasan. Daga abin da ka rubuto, na yarda sandunan da ke jakarka ba su dace da kai ba. Sai dai wanda aka kawo maka ma ba a auna ka da shi ba, daga kwali aka ciro shi aka faɗa maka farashi. Sannan akwai magana ɗaya a wasiƙarka da ta fi tsaya mini a rai, wato ciwon bayan da ke tasowa daga rami na 12. Sandar da ka fara wasa da ita da safe, ita ce dai a hannunka a rami na 12. Jikin da ke riƙe da ita ne ya canja.

Ka yi daidai da ka damu da ayon. Wani malamin Jami'ar Columbia da ke Amurka, Mark Broadie, ya bi diddigin miliyoyin bugu na 'yan wasan PGA Tour, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na ratar da manyan gwanaye ke ba sauran 'yan wasa daga bugun tunkarar girin take fitowa. Wannan ya fi abin da direba ke kawowa, ya kuma ninka na fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami, fiye da sau biyu. Wurin da kake kuka da shi, nan ne maki ya fi zubewa.

Direba tana yi maka sassauci ne saboda ƙwallon a ɗage take a kan ti, ɗan tsinken da ake ɗora ta a kai, ko ka ɗan kuskure za ka same ta. Ayon kuwa ƙwallon tana zaune a ƙasa, kuma dole kan sanda ya same ta yana kan gangarowa, sannan ya ɗebi ƙasa a gabanta, ɓangaren da ake nufa. Alƙaluman na'urar TrackMan, mai auna bugu, sun nuna cewa 'yan PGA Tour suna samun ƙwallo da lamba 7 kan sandar yana gangarowa da kimanin digiri 4. Kwanciyar fuskar sanda ce ke ɗaga ƙwallo sama, ba aikinka ba ne ka ɗebo ta daga ƙasa. Saran ƙasa da aske kan ƙwallo, da kake gani kamar matsala biyu, cuta ɗaya ce: sandarka tana kai ƙarshen gangarowarta a bayan ƙwallo. Idan ta nitse a can, ka sari ƙasa. Idan jikinka ya ji tsoro ya ɗago don ya kauce wa ƙasar, sai gefen sandar ya sami ƙwallon a ciki ko a ka.

Kafin ka kashe ko sisi, ga aikin da nake so ka yi a wannan makon. Ka je filin atisaye da lamba 7, ka ja layi a ƙasa da ti, ka jera ƙwallaye goma a kan layin. Ka shafa wa fuskar sandar hoda kaɗan ko alli. Bayan kowane bugu ka duba abu biyu: a ina sandar ta fara taɓa ƙasa, gaban layi ko bayansa, kuma a ina ƙwallon ta bar zagayen tabonta a jikin hodar, tsakiya, wajen baki, ko wajen dunduniya kusa da ƙota. Ka sa kadinka, mai ɗaukar maka jaka, ya rubuta. Sannan ka maimaita wannan gwajin ranar da ka gama ramuka 18, kafin ka zauna shan ruwa. Idan da safe bakwai cikin goma suna gaban layi, da yamma kuma uku kacal, to jiki ne kan gaba a matsalar. Idan safe da yamma duk ɗaya ne, kuma tabon ya watsu ko'ina a fuskar sanda, to sanda da yadda kake juya ta suna da babban kaso. Ina kyautata zaton za ka ga duka biyun, amma gara ka gani da idonka.

Mu zo kan sandunan amininka. Irin waɗannan masu siririn kai, nauyinsu a tattare yake a bayan tsakiyar fuska. Wanda ke samun tsakiya kullum yana jin daɗinsu, domin suna ba shi damar lanƙwasa ƙwallo yadda ya so. Wanda ya kuskure tsakiya da faɗin yatsa kuwa, kan sandar zai murɗe, ƙwallon ta faɗi yadi goma ko sha biyar kafin girin, hannunsa kuma ya yi zafi. Wannan ce matsalar da Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway da ya kafa kamfanin Ping a Amurka, ya yi wa magani: ya rarake bayan kan sanda, ya tura nauyin zuwa gefe-gefe, don kan ya daina murɗewa idan an kuskure. Ping Eye2 da ya fito a 1982 ya sa wannan tsari ya game duniya, yau kowane babban kamfani yana yin irinsa. Ko a cikin masu cin abinci da wasan, da yawa masu rarakakken baya suke amfani da su, musamman a dogayen lambobi. Mai handikaf 22 ba shi da dalilin wahalar da kansa da siririn kai, kuma babu abin kunya a cikin sauyawa.

Ƙotar ta fi kan damuna. Mutane sun fi kallon harafin da aka rubuta, L ko A ko R ko S ko X, mai nuna taurin ƙotar, alhali babu ma'auni ɗaya da kamfanoni suka yarda da shi: S ɗin wannan kamfani yana iya zama R ɗin wancan. Nauyi ya fi harafi muhimmanci. Ƙotar ƙarfe irin ta gwanaye, kamar Dynamic Gold, tana kai giram 130. Akwai ta ƙarfe mai sauƙi, kamar N.S. Pro 950GH, wajen giram 95. Ta girafayit kuma, wadda ba ƙarfe ba ce, tana sauka zuwa giram 60 ko 70. Bambancin giram 40 ba ya jin komai idan ka ɗaga sanda a shago. Ka juya ta sau arba'in ko hamsin a cikin rana, har da juyin gwaji, a ƙarƙashin zafin Maris, sai ka san da shi. Gajiyayyen hannu yana sakin sanda da wuri, sanda da aka saki da wuri kuma a bayan ƙwallo take sauka. Ka karanta sunan da ke jikin ƙotarka, ka nemi nauyinta. Ga mai shekarunka da ke kukan gwiwar hannu, zan fara gwada masa girafayit mai giram 70 zuwa 85, ko ƙarfe mai sauƙi. Girafayit yana shanye girgizar da ke hawowa hannu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a filayen Arewa, inda daga Disamba zuwa Afrilu ƙasa ke bushewa ta yi tauri, kowane saran ƙasa ya tafi kai tsaye zuwa gwiwar hannu. Kada kuma ka zarce zuwa mafi sauƙi duka, domin sanda idan ta yi shafal da yawa mutum yakan daina jin inda kanta yake.

Akwai kuma yadda sanda ke zama a ƙasa, wanda yawancin masu sayen sandunan hannu ba sa dubawa. Lamba 7 da aka saba tana da tsawon inci 37 ko kusa da haka, kusurwar da ke tsakanin ƙota da ƙasa kuma digiri 62 zuwa 63. Idan amininka ya fi ka tsayi, mai yiwuwa an ƙara wa sandunansa tsawo, an kuma miƙar da su. A hannunka sai bakin sandar ya ɗaga, dunduniyarta ta riga taɓa ƙasa, ƙwallon ta tafi hagu ko da ka buga daidai, idan kai na-dama ne. Gwajinsa ba wuya. Ka ja layi mai kauri a jikin ƙwallo da alƙalamin maka, ka ajiye ta layin yana tsaye yana fuskantar sanda, ka buga. Layin zai fito a fuskar sandar. Idan ya fito a miƙe, zaman ya yi. Idan samansa ya karkata wajen baki, sandar ta miƙe maka da yawa. Idan ya karkata wajen dunduniya, ta kwanta da yawa. Mai gyaran sanduna da ke da injin lanƙwasawa yana iya gyara digiri ɗaya ko biyu, kuma irin naka na ƙarfe mai laushi sun fi sauƙin lanƙwasuwa a kan waɗanda aka zuba a mazubi. Sa sandar wani kamar sa kaftanin wani ne: zai rufe maka jiki, amma duk wanda ya kalli hannun rigar ya san ba kai tela ya auna ba.

Batun lamba 4 da 5 da 6 da ke sauka wuri ɗaya, wannan ba laifinka ba ne, lissafi ne. Kamata ya yi a sami tazarar yadi 10 zuwa 12 tsakanin kowace lamba da mai bi mata, ƙaramar lamba ce ke kai ƙwallo nesa. Amma sanda mai miƙaƙƙiyar fuska tana bukatar gudu kafin ta ɗaga ƙwallo sama ta daɗe a iska. Idan gudun bai kai ba, lamba 4 za ta fita ƙasa-ƙasa ta faɗi inda 6 ke faɗuwa. Tom Wishon, sanannen mai ƙera sanduna a Amurka, ya daɗe yana cewa yawancin 'yan wasa ba sa iya sarrafa ayon da kwanciyar fuskarsa ta gaza digiri 24 ko tsawonsa ya wuce inci 38. Lamba 4 ɗinka tana kan wannan iyaka ko ta wuce ta. Ka cire 4 da 5 daga jaka, ka sa haibirid, sanda mai kumburarren kai da ta fi sauƙin ɗaga ƙwallo, a madadinsu. Doka ta ba ka sanduna 14, ba ta ce dole sai da lamba kaza ba. Wanda ya ce maka haibirid sandar tsofaffi ce, ka tuna masa cewa a 2009, a Hazeltine, Y.E. Yang na Koriya ta Kudu da haibirid ya buga bugun tunkarar ramin ƙarshe daga wajen yadi 200, ƙwallon ta tsaya kusa da tuta, ya doke Tiger Woods ya ɗauki kofin PGA.

Yadi 20 ɗin da mai sayarwa ya yi maka alkawari, mai yiwuwa ka gan su, amma ka san daga inda suka fito. A da lamba 7 tana da kwanciyar fuska digiri 34 ko 35, kuma da alama naka haka suke. Sababbin da ake yi wa irinmu yau, da yawa lamba 7 ɗinsu digiri 28 zuwa 30 ce. Wato kusan lamba 5 ko 6 ta da ce aka buga wa hatimin 7. Gaskiya ne an sauke nauyin kan ƙasa, an kuma sirance fuskar don ta taimaka wajen ɗaga ƙwallo, ba duka yaudara ba ce. Sai dai ga mai matsakaicin gudu, ƙwallon takan fito ƙasa-ƙasa, ba ta juyawa sosai, ta sauka ta ci gaba da gudu. A busasshen fili wannan asara ce, don za ka ga ƙwallonka ta dira a girin ta fice ta baya. Abin da kake nema a ayon shi ne ka san tazararsa kuma ƙwallon ta tsaya inda ta sauka. Matsakaiciyar 'yar wasan gasar ƙwararrun mata ta LPGA, wadda da ni da kai ba za mu kama ƙafarta ba, wajen yadi 140 take kai lamba 7 a iska. Idan taka tana kai 125 ko 130 a kai a kai, ta ishe ka wasa mai kyau. Ka tambayi mai sayarwar digirin lamba 7 da na wej ɗin saitin, wato gajeriyar sandar bugun kusa da girin. Idan wej ɗin digiri 43 ne, wej ɗinka na fita daga yashi kuma 56, ka ga akwai ramin digiri 13 a tsakani da sai ka sake sayen wata sanda ka cike shi, kuɗin da bai faɗa maka ba.

Ka kifa sandar ka dubi gindinta ma. Mai faɗin gindi sosai tana taimako a ciyawa mai laushi lokacin damina, amma a ƙasa mai tauri takan yi tsalle ta sami ƙwallo a ciki. Matsakaicin faɗi ya fi dacewa da wanda ke wasa rani da damina a Kaduna. Mariƙin roba kuma, idan ya yi santsi yana sheƙi, ka canja shi ko da ba za ka canja komai ba. Santsin mariƙi yana sa mutum ya damƙe sanda da ƙarfi, damƙar nan kuma tana cikin abin da ke ƙara wa gwiwar hannu ciwo.

Yanzu jiki, inda nake so ka fi ba da ƙarfi.

Farko dai likita. Idan ciwon bayan yana sauka ta cinya zuwa ƙafa, ko kana jin ƙafar tana mutuwa ko tana rasa ƙarfi, ko ciwon yana tashe ka da dare, ka ajiye wannan shafin ka je asibiti kafin komai. Ko babu waɗannan, tunda likita ne ya tura ka wasan, ka koma ka gaya masa za ka fara ɗaga nauyi, ya duba hawan jininka, ya kuma haɗa ka da likitan gashin ƙashi ya duba bayan da gwiwar hannun.

Ga abin da ke faruwa da yawancin masu zaman ofis. Juyin golf yana bukatar wurare biyu su juya sosai: ƙugu, da ƙashin baya na sama, daidai ƙirji. Ƙashin baya na ƙasa ba a halicce shi don juyawa ba, duk juyinsa bai fi digiri 15 ba, aikinsa ya tsaya da ƙarfi. Shekara talatin a kan kujera da cikin mota suna sandarar da ƙugu da saman baya. Ka zo fili ka ce sai ka juya, jiki kuma sai ya nemi juyin a inda bai kamata ba, wato ƙasan baya. Ramuka goma sha ɗaya yana haƙuri, a na sha biyu ya fara kuka. A daidai wannan lokaci tsokar mazaunai da ta cinya sun gaji, ba sa iya riƙe ka a sunkuye, sai ƙugunka ya matso wajen ƙwallo, ƙirji ya ɗago. Cibiyar Titleist Performance Institute, wadda Dakta Greg Rose da Dave Phillips suka kafa a Kalifoniya a 2003 don nazarin alaƙar jiki da bugu, ta sa wannan ɗagowar cikin kurakuran da aka fi gani a wurin 'yan wasa irinmu. Da zarar tsayinka a kan ƙwallo ya canja, inda sanda ke taɓa ƙasa ya canja. Ka ga ciwon bayanka da saran ƙasarka tushensu ɗaya.

Ka gwada kanka a ɗaki. Ka tsaya tsayuwar bugu, mazaunanka suna taɓa bango, hannuwa a gicciye a ƙirji. Ka juya baya, ka juyo gaba a hankali. Idan ka rabu da bangon kafin ka gama, ga ɗagowar nan. Sai ka zauna a kujera, gwiwoyi a haɗe, sanda a gicciye a kafaɗu, ka juya dama da hagu ba tare da gwiwoyin sun motsa ba. Ana son ka kai digiri 45 kowane gefe, rabin kwana ke nan. Kana nan zaune, ka tura tafin ƙafarka ta hagu waje, gwiwa na nan inda take. Mu da muka saba zaman tabarma da tanƙwashe ƙafa, ƙugunmu yakan buɗe waje da sauƙi, shi ya sa mutum zai ɗauka ƙugunsa lafiya lau. Golf kuwa juyin ciki yake nema, musamman a ƙafar hagu lokacin da kake ƙarasa bugu, kuma shi ne wannan gwajin ke nunawa. Idan ƙafar ta ƙi tafiya ko ka ji ta cije, ka sami wurin aiki.

Ba ka bukatar shiga gidan motsa jiki. Minti 25, sau uku a mako, a kan tabarma. Ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu sama ka matse mazaunai, ka ƙirga uku ka sauke, sau goma sha biyu. Idan ya yi sauƙi ka koma yi da ƙafa ɗaya. Ka tsaya gaban kujera, ka sauka kamar za ka zauna, da ka taɓa ta ka miƙe. Bayan mako biyu ka rungumi jarkar ruwa mai lita 5 kana yi, daga baya mai lita 10, wato kilo 10 ke nan. Ka durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu, ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare, bayanka bai lotsa ba, ka riƙe, ka sauya. Ka kwanta a gefe, gwiwoyi a naɗe a gabanka, hannuwa a miƙe a haɗe, ka buɗe hannun sama zuwa ɗaya gefen kana bin sa da ido, gwiwoyin ba su rabu ba. Wannan shi ke sassauta saman baya. Don ƙugu, ka zauna a ƙasa, ƙafafu a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a baya, ka riƙa kwantar da gwiwoyin biyu dama, ka kwantar da su hagu. Ka ɗauki jarkar nan a hannu ɗaya ka yi tafiya a tsakar gida ba tare da ka karkata ba, ka sauya hannu. Ka rufe da tsayuwa a ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, kusa da bango. Kada ka riƙe numfashi a cikin kowane ɗayansu, kuma duk wanda ya tayar da ciwo mai tsini ka bar shi har ka ga likitan gashin ƙashi.

Wannan ba wani abu ba ne da ya wuce ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba kowane baligi shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Yawancin 'yan golf suna cika na farkon da tafiyar fili, wadda kan kai kilomita 7 zuwa 10 a ramuka 18, su manta da na biyun. Tsoka kuwa tana raguwa da shekaru idan ba a ba ta aiki ba, tana kuma dawowa idan an ba ta, ko mutum ya haura sittin. Gary Player na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 1935, yana motsa jiki da ɗaga nauyi tun lokacin da sauran 'yan wasa ke ganin hakan zai ɓata musu bugu, ya ci manyan kofuna tara. Bernhard Langer na Jamus yana da shekara 65 a 2023 lokacin da ya ci kofinsa na 46 a gasar dattawa ta Amurka, ya karya tarihin yawan kofuna da Hale Irwin ya kafa. Ba ina cewa ka zama su ba ne, Alhaji. Ina nuna maka cewa 56 ba shekarun sallama ba ne.

Ranar wasa kuma, ka daina fitowa daga mota kai tsaye zuwa wurin bugun farko. Minti goma sun isa: tafiya da sauri, juya ƙugu da kafaɗu, sannan rabin bugu da wej kafin cikakke. Ka riƙa kurɓar ruwa tun ramin farko, kada ka jira ƙishi, ka sa dabino ko ayaba a jaka don tsakiyar wasa. Da azumi ka rage zuwa ramuka tara da sassafe ko bayan la'asar. A makonnin farko ma, ramuka tara da ka gama da ƙarfinka sun fi maka amfani a kan 18 da ka ƙarasa kana dafe da baya, domin a gajiye jiki ke koyon mugun bugu.

Ga yadda zan jera maka abin. Wata biyu zuwa uku ka ba jiki, tare da darasi uku ko huɗu a wurin kocin kulob ɗinku, a kan abu ɗaya tak: nauyinka ya koma ƙafar hagu kafin sanda ta iso, ƙasa ta ɗebu a gaban layi. A wannan tsakanin abin da za ka saya bai wuce haibirid ɗaya ko biyu na hannu da sababbin mariƙai ba. Ka riƙa aron lamba 7 ta abokan wasa, mai rarakakken baya, wannan ƙarfe mai sauƙi, waccan girafayit, kana yi musu gwajin hoda da layi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Dalilin da ya sa na ce jiki ya riga saye shi ne, idan aka auna ka yau, mutumin da ƙugunsa ke sandare za a auna, bayan wata uku kuma gudunka da tsayuwarka sun canja. Idan lokacin ya yi, ka nemi inda ake auna mutum da na'urar bin ƙwallo, ko da sai ka haɗa da wata tafiya Abuja ko Legas, ka ce a nuna maka tazarar da ƙwallo ke yi a iska, tsayin da take kaiwa, da yadda bugu goma suka taru ko suka watse. Kada bugu ɗaya mafi nisa ya ruɗe ka. Da waɗannan alƙaluma a hannu, saitin hannu na sanannen kamfani da ya shekara huɗu ko biyar zai yi maka aikin da sabo zai yi, a kan kuɗin da bai kai nasa ba, daga lamba 6 zuwa wej. Ka dai yi hattara da jabu, sun yi yawa a kasuwa: ka saya a wurin wanda za ka iya komawa gare shi, ka kuma jera sandar da ta asali irinta ka dubi rubutu da fenti da nauyi.

Uwargida tana da gaskiya, kuma ka gaya mata haka. Ka nuna mata tsarin, ka faɗa mata abin da za ka kashe yanzu da abin da kake sa ran kashewa bayan an biya kuɗin makaranta. Sandunan amininka kuma kada ka sayar, kyauta ce, ka goge su ka adana.

Kunyar abokan wasa ita ce mafi sauƙin magani a cikin duka. Don irin wannan aka yi handikaf, domin mai 22 ya yi wasa da mai 8 kowa ya ji daɗi, kuma kowannensu da nasa bugun ya damu, ba da naka ba. Daga Asabar mai zuwa, duk inda zuciyarka ta ce lamba 7, ka ɗauki 6 ka buga a natse, ka nufi tsakiyar girin ka ƙyale tuta. Yawancin bugun irinmu gaban girin yake faɗuwa, ba bayansa ba. Idan ka yi gwajin layin nan na safe da na yamma, ka aiko mini da abin da kadinka ya rubuta, tare da sunan da ke jikin ƙotar da abin da likita ya ce, sai mu san nauyin da za ka fara gwadawa.